Tablo ɗaya, yara saba'in: wa aka shirya wa darasin?



Duk shekara idan watan Oktoba ya kama aka koma lakkol, malamin firamare yakan karɓi amana biyu. Ta farko ita ce kundin tsarin karatu da ma'aikatar ilimi ta rubuta, wanda ya faɗi abin da za a koyar a kowane aji, wata bayan wata, har zuwa Yuni. Ta biyu kuwa su ne yaran da kansu, sittin ko saba'in, wani wuri ma fiye, zaune uku-uku ko huɗu-huɗu a kan teburi, ko bisa tabarma cikin rumfar zana. Shi kundin an rubuta shi ne da wani yaro guda a zuciya: ya shiga CI a kan lokaci, bai taɓa fashi ba, ya riƙe duk abin da aka koya masa bara, yana kuma jin faransanci gwargwadon ajinsa. Irin wannan yaro akwai shi, amma a mafi yawan azuzuwanmu yawansu bai wuce na masu zama a layin gaba ba. Sauran kowa da inda tafiya ta tsaya masa, kuma idan malami ya zauna da dare yana rubuta takardar shirin darasin gobe, sau da yawa ba su ne a gaban idonsa ba.

Alƙaluma sun riga sun nuna abin da hakan yake haifarwa. A shekarar 2014 shirin PASEC, wanda yake auna karatun yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da faransanci, ya gwada ɗaliban ajin ƙarshe a ƙasashe 10. A Nijar, waɗanda suka kai mizanin da ake buƙata wajen karatu ba su cika 1 cikin 10 ba, haka ma wajen lissafi. Da aka sake gwajin a 2019, cikin ƙasashe 14, an samu ci gaba mai faranta rai, domin masu kai mizanin karatu sun kai kimanin 3 cikin 10. To amma mai karatu ya juya lissafin ya gani: 7 cikin 10 sun shekara shida suna sammako, iyayensu suna sayen kaye da biro, suka iso CM2 ba su iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata ba. Waɗannan yara ba a rana ɗaya suka ɓace ba. Wani tun a CP ayari ya wuce ya bar shi, ranar da aka gama haɗa baƙi da wasali bai kama ba, daga nan kuma kowace shekara ana ɗora masa gini a inda babu tushe.

Mu leƙa ajin CE2 na wata unguwa a Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, kowanne ma ya yi. Ga ɗan ma'aikaci wanda ya yi makarantar renon yara, a gidansu ana jin faransanci a rediyo da talabijin. Ga wanda ya shigo lakkol yana da shekara tara bayan ya yi nisa a allo. Yana karanta baƙin larabci sarai, hannunsa ya saba da tafiya daga dama zuwa hagu, kunnensa kuma ya ƙware wajen hadda. Ga yarinyar da take isowa a makare domin sai ta ɗebo ruwa ta kai tallar koko. Ga ɗan Fulani ko ɗan Buzaye wanda hausar ma a wurinsa harshe na biyu ce, faransanci na uku. Ga wanda bara ajinsu na zana ne, bai fara karatu ba sai da aka yi girbi aka samu karan da za a kafa rumfa, ya rasa makonni. Ga kuma wani can baya mai yawan shiru, wanda aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, alhali tun da ya tashi daga ciwon sanƙarau kunnensa ɗaya ba ya ji. Dukansu suna kallon tablo ɗaya, ana karanta musu shafi ɗaya, da sauri ɗaya.

Wannan tsari na malami ɗaya da darasi ɗaya ga kowa a lokaci ɗaya yana da tarihinsa. A Faransa ya samo ƙarfi ne daga makarantun da Jean-Baptiste de La Salle ya kafa a ƙarshen ƙarni na 17. A farkon ƙarni na 19 ya yi takara da wani tsarin da ya zo daga Ingila, inda ake raba yara rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, manyan ɗalibai suna koya wa ƙanana a ƙarƙashin idon malami. Da wannan tsari na biyu ne Jean Dard ya buɗe makarantarsa a garin Saint-Louis na Sanagal a 1817, har ya riƙa soma wa yara karatu da harshensu na Wolof kafin faransanci. Daga baya tsarin farko ya yi rinjaye a Faransa, shi ne kuma aka kawo mana, har muka ɗauka cewa makaranta ba ta da wata siffa sai wannan.

Abin da zauren malam ya riga ya sani

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga ɗaya tsarin. Duk wanda ya tashi a zauren malam kafin ya san hanyar madarasa da kwaleji, kamar yadda muka tashi, ya san cewa a makarantar allo da wuya ka sami yara biyu da allunansu suke ɗauke da rubutu ɗaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani yana ƙananan surori, wani ya kai izu goma, gardi kuma yana can gefe yana tilawa. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ya biya, malam ya gamsu cewa karatun ya zauna. Idan bai zauna ba ya koma ya sake, ko da abokin da suka fara tare ya yi masa nisa. Bakin yaro da kunnen malam su ne suke yanke ranar ƙari. Kuma tun da malam ɗaya ba zai iya zama da yara hamsin ɗaya bayan ɗaya a kowane lokaci ba, sai ya jingina ƙanana ga manya: titibiri ya biya wa ƙolo, gardi ya rubuta wa titibiri. A makarantar ilimi ma haka abin yake. Ɗalibai suna zaune a zaure ɗaya, mai Ahalari ya ja baƙi malam ya fassara masa, ya koma gefe, mai Iziyya ya matso, bayansa mai Risala, kowa gwargwadon abin da zai iya ɗauka a ranar. Mai ƙaramin littafi yana tsintar karatun na gaba da shi, mai babban littafi kuma yana jin ana maimaita abin da ya wuce.

Malaman da suka yi rubutu a kan tarbiyya sun ba wannan al'ada hujja. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111 miladiyya, ya lissafa a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa yana daga cikin ayyukan da suka hau kan malami ya tsaya a iyakar fahimtar ɗalibi, kada ya jefa masa abin da hankalinsa bai kai ba, domin hakan yakan sa ya ƙi ilimin ko ya rikice. Ibn Haldun kuwa, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya yi bayanin cewa ilimi yana shiga ne sannu-sannu, kaɗan-kaɗan, kuma ya kamata a bi fanni sau uku: a fara da manyan mas'aloli a dunƙule, a dawo a faɗaɗa, sa'an nan a sake dawowa a warware duk abin da ya shige duhu. Ya lura cewa wasu ɗalibai za su kama a ƙasa da haka gwargwadon baiwarsu. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro yana kashe masa zuciya, ya koya masa kasala da ƙarya da ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannun mai duka.

Kada a fahimce mu da cewa muna kira a mayar da lakkol tsangaya. Makarantar allo tana da nata raunin, kuma mun san shi daga ciki. Saboda babu wa'adi, yaro yakan shekara biyu ko uku a wuri ɗaya babu wanda ya tambayi dalili. Bulala takan maye gurbin bayani. Gardin da aka ba ƙanana wani lokaci shi kansa bai san yadda ake koyarwa ba. Lakkol kuwa tana da manufa rubutacciya da lokaci ƙididdigagge, waɗannan kuma alheri ne. Abin da ya kamata a aro daga zaure ƙa'ida ɗaya ce: a san inda kowane yaro ya tsaya kafin a yi masa ƙari.

Abin da aka gwada a Indiya da Kenya

Wannan ƙa'ida an auna ta da awo irin na zamani, a azuzuwan da suka yi kama da namu wajen cunkoso da talauci. A Indiya akwai wata ƙungiya mai suna Pratham, wadda aka kafa a birnin Mumbai a tsakiyar shekarun 1990. Ita ce ta shahara da wani ɗan gwaji na baka mai ɗaukar mintoci kaɗan, wanda yake sanya yaro a ɗaya daga matakai biyar: wanda bai san haruffa ba, mai sanin haruffa, mai karanta kalma, mai karanta ɗan sakin layi, da mai karanta labari. Daga nan sai a tara yara gwargwadon matakinsu, ba tare da duban aji ko shekaru ba, na awa ɗaya ko biyu a rana. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun shafe shekaru tare da abokan aikinsu suna auna wannan hanya, kuma inda ta gaza ya fi ba mu darasi fiye da inda ta ci nasara. A jihohin Bihar da Uttarakhand, tsakanin 2008 da 2010, an horar da malaman gwamnati an ba su kayan aiki, amma cikin shekarar karatu malaman suka koma ga abin da ake tambayarsu a kai, wato ƙare kundi, sakamakon bai taka kara ya karya ba. A jihar Haryana kuwa, a 2012 zuwa 2013, hukuma ta keɓe awa ɗaya kowace rana domin wannan aiki kaɗai, aka sake rarraba yara a cikin awar, masu sa ido suna zagayawa suna taimaka wa malamai, sai karatun yaran ya ɗaga. Hanyar ɗaya ce, malaman irin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da aka kare da kuma izinin na sama.

A yammacin Kenya ma, daga 2005, an ba makarantu 121 ƙarin malami domin a raba ajin farko gida biyu. A rabin makarantun an raba yara gwargwadon matakinsu, a sauran kuwa da ƙuri'a. Bayan wata 18 aka tarar yaran da aka raba bisa mataki sun fi samun maki, kuma ribar ta shafi na sama da na ƙasa baki ɗaya. Wannan yana amsa tsoron da wasu iyaye suke yi cewa kula da na baya zai ja na gaba ƙasa. A nan gida kuma, shirin “Makaranta ga kowa” da aka fara a jihar Tawa a 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, daga baya ya shigo da sa'o'in ƙarin darasi bayan tashi, inda yara suke aikin lissafi kowa daga matakinsa, malamai da mutanen gari suna tsaye a kansu.

Takardar shirin darasi

To yaya malami mai yara saba'in da alli guda zai yi? Aikin yana farawa ne a makon farko, kafin a buɗe kundi. Malami ya rubuta takarda ɗaya mai ɗauke da haruffa goma, kalmomi goma, ɗan sakin layi mai jimloli huɗu, da gajeren labari. Ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, sauran suna wani aikin rubutu, ya fara da sakin layin: wanda ya karanta ya haura zuwa labari, wanda ya kasa ya sauko zuwa kalmomi, in ya kasa kuma zuwa haruffa. Idan kowane yaro ya ci minti biyar, yara saba'in ba su kai awa shida ba, wato kimanin awa ɗaya a rana har mako guda. A yi haka ga lissafi: sanin lambobi, tarawa, ragi, rabawa. A rubuta sakamakon a kaye, suna da mataki. Malamai da yawa da suka yi wannan sukan sha mamaki, domin yaron da yake amsawa da ƙarfi idan ana maimaita karatu tare yakan zama haddace shafin ya yi, idan aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ba zai gane ta ba.

Babu mai cewa a shirya darasi saba'in. Rukuni uku sun isa: masu neman haruffa, masu haɗa kalmomi, da masu karatu. A keɓe musu awa ɗaya da safe, kafin rana ta yi zafi ciki ya fara kira. Rukunin farko su zauna kusa da malami da ƴan katunan haruffa da aka yanka daga kwalin sukari ko na sabulu, suna ji, suna faɗa, suna rubutawa a ɗan allonsu. Na biyu su yi aiki bibbiyu, suna gina kalmomi daga gaɓoɓi, suna karanta wa juna. Na uku a ba su labari da tambayoyi a rubuce, ɗaya daga cikinsu yana jagoranci, ana kuma sauya jagoran. Mafi yawan mintocin malami su tafi ga rukunin farko, domin su ne ba za su iya tafiya su kaɗai ba. Amma kada masu sauri su zama gardawan dindindin. Su ma suna da haƙƙin a ba su abin da zai sa su yi gumi.

A sauran darussa, inda aji yake haɗe, manufa ɗaya ce amma ƙofofin shiga su bambanta. Alal misali ragi mai aro, a ce 52 a cire 27. Wanda bai fahimci goma-goma da ɗai-ɗai ba a ba shi tsinkayen kara, ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu a sake. Zai gani da idonsa cewa ba zai iya cire bakwai daga biyu ba sai ya kwance ɗauri ɗaya, kuma wannan kwancewar ita ce aron da ake rubutawa a tablo. Wanda ya wuce nan ya yi lissafin a allo. Wanda ya ƙware a ce masa ya ƙirƙiro matsalar kasuwa da za ta buƙaci wannan lissafi, ya ba abokinsa. A nan ne za a tuna da yarinyar nan mai talla. Ita da take kasa ragi a tablo, ba a taɓa cutarta a canji ba; ta san cewa dala ashirin ita ce 100 da aka rubuta a jikin kuɗin, wato kullum tana ninkawa da biyar a ka ba tare da ta san sunan abin da take yi ba. Malamin da ya soma mata darasi daga farantin tallarta ya gajarta wa kansa hanya.

Saboda haka muna ganin takardar shirin darasi, bayan abubuwan da aka saba rubutawa, tana buƙatar amsar wasu tambayoyi kafin malami ya kwanta. Mene ne abu ɗaya da kowane yaro zai fita da shi gobe, har da na can baya? Su wane ne za su tuntuɓe, kuma a wane wuri? Waɗanda suka gama da wuri me za su yi? Sa'an nan, ta yaya zan san an gane? Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi sakaci da ita. Tambayar “kun gane?” amsarta ɗaya ce tun zamanin kakanninmu: “Eh, mushe!” Alhali makarantun horar da malamai sun daɗe suna koyar da dabarar La Martinière, inda kowa yake rubuta amsa a allonsa, malami ya buga teburi, a ɗaga alluna gaba ɗaya. Da kallo ɗaya ya ga amsa saba'in. Abin da ya rage shi ne ya yi aiki da abin da ya gani: idan alluna talatin sun yi kuskure iri ɗaya, darasin gobe ya riga ya rubuta kansa.

Akwai haɗari guda da ya wajaba a tsare. Rukuni yana iya zama tambari. Da yawa daga cikinmu sun ga azuzuwan da ake zaunar da yara bisa sakamakon jarrabawa, na ƙarshe a jikin bango, har a laƙaba wa layinsu sunan dabba. Wanda aka kira da wannan suna shekara guda yakan yarda da shi har tsufansa. Maganin abin shi ne rukunan su zama na wucin gadi kuma na fanni ɗaya: a sake gwaji duk bayan mako huɗu zuwa shida, wanda ya haye ya matsa gaba a gaban kowa, kuma yaron da yake rukunin farko a karatu yana iya zama a na uku a lissafi. Sunayen rukunan ma a ba su na itatuwa ko na garuruwa.

Batun harshe ba ya rabuwa da wannan. Yaron da ake koya wa haɗa haruffa da harshen da ba ya ji yana ɗauke da kaya biyu a lokaci ɗaya. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara gwada koyarwa da harsunan gida, tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da hausa a Damagaram a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da faransanci, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko a ajin da ake koyarwa da faransanci, malamin da ya warware ma'ana da hausa ko zabarmanci na minti biyu, ko ya sa wani yaro ya fassara wa ɗan uwansa da fulatanci, bai yi asarar komai ba. Zamanin rataya wa yaro alama a wuya don ya yi magana da harshen uwarsa ya wuce, bai kuma kamata inuwarsa ta rage a zukatanmu ba.

Wasu bambance-bambancen kuwa a jiki suke, kuma gyaransu sau da yawa ba ya cin ko dala. Yaron da yake ƙanƙance ido, ko yake kwafar rubutu daga kayen maƙwabcinsa maimakon tablo, a matso da shi gaba a kuma shaida wa iyayensa a duba idonsa. Mai raunin ji a zaunar da shi inda zai ga bakin malami, kunnensa mai lafiya yana fuskantar aji, malami kuma ya daina bayani yana juya baya. Mai amosanin jini zai yi fashi ba da son ransa ba, musamman lokacin sanyin hunturu. A haɗa shi da abokin da zai riƙa kai masa darasi, a bar shi ya sha ruwa ya fita idan ya buƙata. Mai i'ina a ba shi lokaci ya ƙarasa maganarsa, a hana dariya. Bahago a zaunar da shi a gefen hagu na teburi don kada gwiwar hannunsa ta yi karo da ta maƙwabci. Ladabin cin abinci da dama wani abu ne daban da riƙon alƙalami.

Wata magana kuma da ta yaɗu a tarurrukan horarwa ita ce wai kowane yaro yana da salonsa na koyo, wani da ido, wani da kunne, wani da taɓawa, sai an gano salon an bi shi. A 2008 wasu masana huɗu a Amurka suka bi diddigin binciken da aka yi a kan wannan, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa daidaita koyarwa da irin wannan salo yana ƙara fahimta. Amfani da hoto da murya da abin taɓawa yana da kyau ga kowa da kowa. Bambancin da ya cancanci daren malami shi ne na abin da yaro ya riga ya sani da abin da bai sani ba tukuna.

Mun san abin da malami zai ce, kuma yana da gaskiya. Albashi ba ya isa, da yawa ƴan kwantaragi ne da aka tura aji da ɗan gajeren horo, insifekta kuma idan ya zo kundi yake dubawa ya ga ko an kai shafin da ya kamata. Labarin Bihar ya nuna cewa malami shi kaɗai ba zai ɗauki wannan jinka ba. Daraktan makaranta ne zai sanya awar rukuni a cikin jadawali ya kare ta. Idan malaman CE1 da CE2 da CM1 suka haɗa yaransu a wannan awa, kowane malami ya ɗauki mataki ɗaya, aikin ya ma fi sauƙi fiye da rukuni uku a ɗaki ɗaya. Tarukan CAPED, inda malaman yanki suke haɗuwa, wuri ne da za a raba wahalar rubuta gwaje-gwaje da gajerun labarai, kada kowa ya sake ƙirƙiro su shi kaɗai. Masu sa ido kuma su ƙara tambaya ɗaya a kan wadda suka saba: a farkon shekara yara nawa ne ba sa karanta kalma, yau kuma saura nawa?

Iyaye ma suna da nasu kason. Mafi yawanmu idan aka kawo sakamako abu ɗaya muke tambaya, na nawa ya zo, alhali yaro yana iya zuwa na biyar a ajin da babu mai karatu. Uba ko uwa, ko yayan da ya yi lakkol, ya ɗauki wani rubutu da yaron bai taɓa gani ba, ko da na jikin kwalin shayi ne, ya ce ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta. Wanda bai yi boko ba yana iya sauraro ya gane ko karatun yana tafiya ko yana tangaɗi, kamar yadda yake ganewa idan ana biya allo. Abin da iyaye suka sani game da ɗansu, cewa ya yi ciwon kunne, ko yana kwana wajen kakarsa, ko ba ya karya kumallo kafin ya fita, su kai wa malami tun a watan Oktoba, kada su jira sai sakamakon Yuni ya fito. A taron kwamitin makaranta na gaba kuma, bayan an gama maganar zana da alli da kuɗin mai gadi, wani daga cikin iyaye ya miƙe ya roƙi darakta a gwada yaran CE1 da CE2 ɗaya bayan ɗaya, a kawo wa taro adadin waɗanda suke kowane mataki ba tare da ambaton suna ba, a kuma sa ranar da za a sake gwadawa.